Sule Lamido a Idon Mutanen Lautai

A watan Fabrairun 1998, lokacin da ba a jin komai a rediyo sai maganar tazarce, wasu 'yan siyasar Arewa su 18 suka sa hannu a wata wasiƙa zuwa ga Janar Sani Abacha. Saƙon da ke ciki gajere ne: kada ya tuɓe kaki ya sa babbar riga ya gaji kansa. Solomon Lar ne ya ɗauki wasiƙar ya kai fada. Ba a daɗe ba jami'an tsaro suka yi awon gaba da mutum biyu daga cikin masu sa hannun, Muhammadu Abubakar Rimi da Sule Lamido. Aka kai Rimi Ilorin, aka kai Lamido gidan yarin Maiduguri. Ba a gurfanar da su gaban alƙali ba, ba kuma wanda ya faɗa musu ranar fita.

Ranar 8 ga Yunin shekarar Abacha ya rasu. Janar Abdulsalami Abubakar ya buɗe ƙofofin kurkuku, Lamido ya fito. Kafin ƙarshen watan Agusta shi da abokan tafiyarsa sun kafa PDP. Ranar 9 ga Janairun 1999 ya tsaya takarar gwamnan Jigawa, Ibrahim Saminu Turaki, mutumin Kazaure, ya kayar da shi da tutar APP mai masara. A ƙarshen watan Yunin 1999 kuma sai ga shi yana rantsuwar kama aiki a matsayin Ministan Harkokin Wajen Nijeriya. Daga ranar da aka garƙame shi zuwa ranar da ya riƙe Alƙur'ani a Abuja, wata 16 ne. Shugaban da ya naɗa shi, Olusegun Obasanjo, shi ma a watan Yunin 1998 aka fito da shi daga gidan yarin Yola.

Ni ɗan ƙasar Gumel ne, wato Lautai, shi kuwa Lamido mutumin Bamaina ne ta ƙasar Birnin Kudu, can kudancin jiha. Tsakaninmu akwai tafiya. Mu muna cikin rairayi da gero da riɗi, gabanmu Nijar, su suna cikin duwatsu da jar ƙasa, gabansu Bauci. Amma duk wanda ya yi wayo a Gumel ko Maigatari ko Gagarawa ko Sule Tankarkar cikin shekaru 40 da suka wuce, ya tashi da sunan nan a kunnensa. Wasu na kiran sa Jagoran Talakawa, wasu na cewa taurin kansa ya yi yawa. Na daɗe ina ganin duka biyun abu ɗaya suke kwatantawa.

An haife shi ranar 30 ga Agustan 1948, a gidan sarautar Fulanin Bamaina. Ya yi karatu a Kwalejin Barewa ta Zariya, makarantar da ta yaye manyan Arewa. Bisa al'ada irinsa cikin masu mulki ake tsammanin ganin sa. Sai ya bi Malam Aminu Kano. A 1979 ya ci zaɓen Majalisar Wakilai ta Tarayya a jam'iyyar PRP mai alamar mabuɗi, ya tafi Legas yana da shekara 31.

Matasan yau ba za su gane abin da PRP ta zama a ƙasarmu ba sai an ba su labarin haraji da jangali. Dattawanmu har yanzu suna faɗin yadda magidanci ke sayar da akuyar matarsa, ko ya ɗebi hatsin da ya ajiye na iri, don ya biya haraji kada a tozarta shi a ƙofar mai gari. Suna faɗin yadda in lokacin ƙidayar jangali ya ƙarato, makiyayi zai kora rabin garkensa cikin dare ya tsallaka ƙasar Dungas ta Nijar, sai ƙura ta lafa ya dawo. Ranar da Rimi ya hau kujerar gwamnan tsohuwar Jihar Kano a Oktoban 1979, ya soke su duka biyun. A ƙasar da dukiyar mutane dabba ce, wannan sanarwa ta shiga kowace ruga. Gwamnatin nan kuma tana da namu a ciki: Alhaji Ahmad Muhammad Sani ya riƙe kwamishinan yaɗa labarai a ƙarƙashin Rimi kafin ya gaji mahaifinsa a sarautar Gumel a ƙarshen 1980. Rimin ne kuma ya ɗaga darajar sarakunan Gumel da Haɗeja da Kazaure, abin da ya zama ɗaya daga cikin dalilan tsamin dangantakarsa da fadar Kano.

Da PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, Lamido ya bi Rimi ɓangaren Santsi, suka rabu da Malam. Malam ya rasu a Afrilun 1983 ba a ɗinke ɓarakar ba. Su Rimi da Lamido suka koma NPP, Sabo Bakin Zuwo ya kayar da Rimi, sannan a ranar ƙarshe ta shekarar soja suka share kowa. Har yau Lamido da sunan Malam yake bugun ƙirji, kuma da ya samu dama babban dandalin taro na Dutse sunan Malam ya sa masa. Tsofaffin 'yan Taɓo na garinmu kan girgiza kai in an yi wannan magana, su ce ai da ransa suka bar shi. Suna da hujja. Amma na lura aƙidar da suka koya a gidan Malam ba ta bar ko wane ɓangare ba.

Ranar 27 ga Agustan 1991 Janar Babangida ya yanke Jigawa daga Kano. Lamido ya nemi gwamna a SDP mai doki, gwamnatin soja ta hana shi takara tare da wasu 'yan takara na jihohi daban-daban, cikinsu har da Atiku Abubakar a Adamawa. Ali Sa'ad Birnin Kudu ne ya tsaya, ya ci. Lamido ya zama Sakataren SDP na ƙasa, Tony Anenih na shugaba, kuma su ne ke riƙe da jam'iyyar ranar 12 ga Yunin 1993 da aka yi zaɓen Abiola da Bashir Tofa. Aka soke zaɓen. Shugabannin SDP suka amince da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan, wadda ba ta cika wata uku ba Abacha ya ture ta. Wannan tabo ne da abokan hamayyarsa ba su daina nunawa ba, har a 2025 sai da aka sake tayar da maganar tsakaninsa da fadar Shugaba Tinubu. Shi yana cewa ya gaya wa Babangida gaskiya ido da ido. Ni dai abin da na sani, jam'iyyar da ta ci zaɓe ta yarda aka zauna teburin raba muƙamai alhali ɗan takararta Abiola na waje, kuma sakatarenta ba zai ce ba ya cikin ɗakin ba. Wataƙila shi ya sa sa hannunsa na 1998 ya yi nauyi. A karo na biyu da soja suka zo da irin wannan ciniki, ya ƙi, ya kuma biya kuɗin ƙin.

Ma'aikatar da aka ba shi a 1999 ta ƙasar da duniya ta juya wa baya ce. Tun da aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutanensa takwas a Nuwamban 1995 aka dakatar da Nijeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, sai ranar da Obasanjo ya hau aka mayar da ita. Bashin waje ya kai wajen dala biliyan 30. Mai koren fasfo in ya sauka a filin jirgin Turai, gefe ake ware shi. Aikin shekara huɗun nan kusan duka na wanke suna ne, kuma Obasanjo da kansa ya fi kowa yawon, ministansa na biye. A Agustan 2000 Shugaban Amurka Bill Clinton ya zo Abuja har ya shiga ƙauyen Ushafa. A Satumban 2001 Lamido ya jagoranci zaman ministocin waje a Abuja kan rikicin gonakin Zimbabuwe, inda ministan Ingila Jack Straw da takwaransa na gwamnatin Mugabe suka zauna wuri ɗaya aka cimma yarjejeniya, duk da ba ta yi tsawon rai ba. A zamaninsa aka rushe tsohuwar ƙungiyar haɗin kan Afirka aka kafa Tarayyar Afirka a Durban a 2002. A zamaninsa kuma, ranar 10 ga Oktoban 2002, Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin Bakasi.

Mutum zai ce ina ruwan ɗan Sule Tankarkar da waɗannan. Amma mu harkokin waje a bakin ƙofarmu suke. Je ka Maigatari ranar Alhamis da hantsi. Ka shiga kara ka ga raƙuma sun durƙusa suna tuƙa, Buzu ya naɗe fuska da rawani yana jayayya da dillali, shanun Damagaram da na Magarya sun cika fili, 'yan kamasho na ƙirga bijimai ana tura su kan tirela mai tafiya Legas ko Fatakwal. Can gefe mai canji na zaune kan tabarma, damin naira a dama, sefa a hagu, yana lissafi da ka. Buhunan zoɓo da riɗi sun yi tsibi. Duk wannan hada-hada a kan abu ɗaya take tsaye, wato Abuja da Yamai su kasance suna ga-maciji. Ba mu san darajar shekarun Obasanjo da Shugaba Tandja Mamadou na Nijar ta wannan fuska ba sai da aka rufe iyaka a Agustan 2019, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, muka ga kara ta yi fayau, yaran da ke cin abinci da lodi suna zaune a gindin bishiya. A karo na biyun ma wani ɗan jiharmu ne, Muhammad Badaru Abubakar na Ɓaɓura, aka ba Ministan Tsaro. Kujerar minista tana da nisa daga nan, amma abin da aka yanke a kanta kan iso tukunyarmu kafin sati ya zagayo.

A 2007 abin da ya kufce masa sau biyu ya zo hannu. Saminu Turaki ya riga ya koma PDP, ya tafi Majalisar Dattawa yana wakiltar shiyyarmu, Lamido ya ci gwamna. Mataimakin da ya ɗauka ɗanmu ne, Alhaji Ahmad Mahmud Gumel, suka kuma yi shekara takwas ɗin tare, abin da ba kasafai ake gani tsakanin gwamna da mataimaki a ƙasar nan ba.

Abin da ya fara yi bai yi mana daɗi ba. Turaki ya rarraba ma'aikatun gwamnati zuwa manyan garuruwan masarautu, Gumel ma ta samu rabonta. Lamido ya tattara su ya mayar Dutse. Mai gidan haya ya rasa ɗan haya, mai tuwo-tuwo ta rasa masu cin rana, direban tasha ya rasa fasinjan safiyar Litinin. An yi gunaguni sosai, kuma gunagunin na da tushe. Sai dai duk wanda ya taɓa bin fayil daga wannan gari zuwa wancan, ya kwana a hanya saboda sa hannu ɗaya, ya san jiha ba ta tafiya a haka. Dutsen da a da ake yi wa kallon babban ƙauye, a shekarunsa ta samu sakatariya, gidajen ma'aikata, tagwayen tituna, daga baya har da filin jirgin sama. A 2013 ya kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa, wadda aka sa wa sunansa daga baya. Filin jirgin ya sha suka, ana cewa jihar manoma da ke neman taki me za ta yi da shi. Mu kuma namu ƙorafin shi ne yankin cinikayya marar haraji na Maigatari, da aka kafa tun zamanin Turaki da dogon buri, shekara takwas ɗin nan ma suka wuce bai farka ba.

Amma in za a tambaye ni abu ɗaya da ya fito daga Dutse ya shiga lungunanmu, ba zan yi dogon tunani ba. A shekararsa ta farko ya sa hannu a dokar ba naƙasassu alawus na naira 7,000 duk wata, mutum 150 a kowace ƙaramar hukuma cikin 27 ɗin jihar. A lokacin mafi ƙarancin albashin ma'aikacin tarayya naira 7,500 ne, na ƙasa baki ɗaya kuma 5,500. Wato makaho ko gurgu ko kuturu a Gagarawa ya wayi gari yana karɓar abin da ya kusa kai albashin masinja a Abuja. A kusan lokacin ne Gwamnan Babban Banki, Charles Soludo, ya fito da alƙaluman da suka sa Jigawa a sahun gaba na talauci, kashi 95 cikin 100.

Na ga ranar biya da idona. Tun da sassafe suka fara isowa, kekunan guragu masu tuƙin hannu sun jeru a inuwar darbejiya, makafi kowanne da ɗan jagora riƙe da bakin sanda, wasu an sauke su daga amalanken shanu. Akwai wani dattijo da na daɗe da sanin sa a bakin tasha da ƙoƙonsa. Ran nan ya zo da wankakkiyar riga da hula. Da aka miƙa masa kuɗin sai ya shafa su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya ninke, ya zura a aljihun ciki, ya ce wa jikansa, "Kai ɗan nan, mu biya kasuwa, kakarka ta ce a taho da gishiri da manja." Maganar ba ta wuce haka ba. Amma mutumin da shekara da shekaru sai dai ya koma gida da abin da aka jefa masa, yau shi ake aika wa saƙon cefane. An samu son kai wajen rubuta sunaye a wasu wurare, kuma mutum 150 ba su kai ko kusa da yawan mabuƙata ba. Duk da haka doka ce, ba sadakar gwamna ba, kuma kalmar haƙƙi ta shiga bakin mutanen da a da ba su san suna da shi ba.

A 2008 ya kira Taron Talakawa a Dutse. Aka ba masu faskare da 'yan garuwa da ungozomomi da masu wankau da manoma makirufo, manya na zaune suna saurare. Wasu sun ce wasan kwaikwayo ne. Ni ina ganin ko da rana ɗaya ce, abin da jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano ta yi ta faɗa tun 1950 ne aka kwatanta a fili.

Halin da ya kai shi kurkukun Maiduguri shi ne kuma ya raba shi da jama'a da yawa. A 2011, lokacin da guguwar Buhari ta kaɗa ko'ina a Arewa, shi ya tsaya wa Goodluck Jonathan, ya kuma faɗa da babbar murya. Jigawa ta ba Buhari ƙuri'ar shugaban ƙasa, ta dawo ta ba Lamido ta gwamna a kan Badaru. A Agustan 2013 yana cikin gwamnoni bakwai da suka fice daga babban taron PDP a Abuja. Bayan wata uku biyar daga cikinsu suka koma APC, har da maƙwabcinsa Rabi'u Musa Kwankwaso. Lamido da Babangida Aliyu na Neja suka tsaya. Hujjarsa, wadda ya sha maimaitawa a gidajen rediyo, ita ce ba ya barin gidan da ya gina da hannunsa. Da ya bi su, da wataƙila tarihin shekarunsa goma na baya ya sha bamban. A 2015 tsintsiyar APC ta share jihar, Badaru ya kayar da ɗan takararsa Aminu Ibrahim Ringim.

Bai cika wata biyu da sauka ba, a watan Yulin 2015, cikin azumi, hukumar EFCC ta gurfanar da shi da 'ya'yansa biyu, Aminu da Mustapha, a Babbar Kotun Tarayya ta Kano, bisa zargin karɓar na goro daga 'yan kwangila da halatta kuɗin da suka kai naira biliyan 1 da miliyan 350. Suka musanta. Aka tura su gidan yarin Kano, suka yi kwanaki kafin a ba da belinsu. Shari'ar ta yi shekaru, a 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sallame su bisa hujjar cewa ba a kotun da ta dace aka yi ta ba, EFCC ta wuce Kotun Ƙoli. Magoya bayansa sun ce bi-ta-da-ƙulli ne. Ni ban ɗauki zargin da wasa ba, domin kuɗin da ake magana na jihar da ta fi kowa talauci ne, kuma wanda ya hau mulki da sunan talaka shi ya fi kowa cancantar a tambaye shi. Na tuna yadda maganar ta raba majalisar da muke shan ruwa a Gumel. Wani ya ce Allah ya ƙara. Wani dattijo, tsohon ɗan PRP, ya ajiye kofin kununsa ya ce, "Malam, bar faɗin haka. In ya ci, kotu ta karɓo mana. Amma mutumin da ya shiga kurkuku don ni da kai mu yi zaɓe, ba na yi masa dariya."

A Oktoban 2018 ya nemi tikitin shugaban ƙasa na PDP a Fatakwal, ya samu ƙuri'a 96, Atiku ya samu 1,532. A 2023 ɗansa Mustapha ya tsaya gwamna, Umar Namadi ya kayar da shi. A 2025 ya ƙaddamar da littafin tarihin rayuwarsa a Abuja. Abokan da suka kafa PDP tare, wasu sun rasu, wasu sun sauya sheƙa sau biyu sau uku. Rimi ya rasu tun Afrilun 2010. Shi yana Bamaina, ya haura shekara 75, ana zuwa gaishe shi, in an kunna masa makirufo kuma har yanzu ba ya tauna magana.

Alawus ɗin nan kuwa ya wuce zamaninsa. Gwamnatin Namadi, ta jam'iyyar da ta kayar da ɗan takararsa da ɗansa, ta ɗaga kuɗin zuwa naira 10,000. Dattijon bakin tasha ya riga mu gidan gaskiya. Jikan nan da ke riƙe masa sanda yanzu magidanci ne, yana lodin zoɓo a Maigatari, kuma ranar Alhamis ɗin da na gan shi yana ta sauri ne ya gama da mota ta uku kafin la'asar.